Na ci A a kwas ɗin kafa kasuwanci, amma kawuna mai jari-bola ya kayar da ni



Rubutun nan zai yi tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye sai anjima. Kuma tun yanzu in faɗa, ba zan kama sunan makaranta ba, ba zan kama sunan malami ba. Masu shirin biyo ni ta bayan fage da "wace makaranta ce?" don Allah ku huta. In ka cire sunan tamu ka sa sunan taku, ina jin ba abin da zai canza.

Shekaranjiya sakamakon samistar da ta wuce ya fito. Na samu A a ENT 312, kwas ɗin da aka ce shi zai koya mana yadda ake kafa kasuwanci tun daga tushe. Ya kamata in yi murna ko? Wallahi kunya nake ji. Bari in gaya muku abin da na yi na samu A ɗin.

An raba mu rukuni-rukuni, mu ashirin da biyar a namu. Kowa ya kawo naira dubu biyu. Wata 'yar ajinmu da ta riga ta iya haɗa sabulun ruwa tun a gidansu ta karɓi kuɗin, ta sayo kayan haɗi, ta haɗa a ɗakinta. Muka zuba a robobi, muka liƙa takarda mai sunan "kamfaninmu", muka tsaya aka ɗauke mu hoto. Ko roba ɗaya ba mu sayar ba. Ba wanda ya tambaye mu nawa muka kashe a kan kowace roba, nawa za mu sayar, wa zai saya, me ya sa zai bar wanda ya saba saya ya sayi namu. Ranar jarrabawa aka ce mu kawo ma'anar ɗan kasuwa a wurin Schumpeter da Drucker, mu lissafo halaye goma na mai kafa sana'a. Na haddace handawut, na juye, na fito. Shi ke nan, na zama gwani.

Da yamma na biya ta wurin Kawu a Oshodi kafin in hau danfon Agege. Kawuna yana da sikeli a wani fili kusa da layin dogo, yana sayen ƙarfe da alminiyom da roba a hannun yaran da ke zagaya unguwanni. Karatunsa na allo ne, sai firamare da bai ƙarasa ba. Rabin kuɗin makarantata daga sikelin nan yake fitowa. Na nuna masa sakamako, ya sa albarka, sai ya ce:

"To madalla, ɗan boko. Tunda ka ci jarrabawar kasuwanci, zauna ka warware min wannan. Ƙarfen da na tara ya kai rabin mota. Kamfanin da nake kai wa a Ikorodu ya rage farashi a satin nan. In na jira, kuɗina suna kwance a ƙasa, yaran nan kuma kullum hannu da hannu nake biyansu, ranar da ban biya ba gobe wani za su kai wa. In na ɗauka yanzu, rabin kaya zan kai in biya kuɗin mota cikakkiya. In jira ko in sayar?"

Jama'a, na yi shiru. Shekara uku ina karanta kasuwanci. Na san tambayar tana da suna a littafi, na san akwai lissafinta, mun ma taɓa wucewa ta kansa a aji biyu. Amma ban taɓa ɗora lissafin a kan kuɗin gaske ba, balle kuɗin da abincin gidanmu ya rataya a kai. Kawu ya yi dariya ya ce, "Bar shi, sha lemonka." Dariyar nan ce ta hana ni barci, ita ta sa nake wannan rubutu.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, tun farkon samista na kawo shawarar rukuninmu ya yi aikinsa a kan filin Kawu. Mu je mu auna abin da ke shiga da abin da ke fita, mu buɗe masa littafin lissafi, mu gano inda yake asara. Amsar da na samu a gaban aji ita ce: "Wannan ai bola ce, mu kasuwanci muke koyarwa." Aka fashe da dariya, wani daga baya ya ce "aboki", kun dai san yadda ake faɗinta a garin nan. Sati biyu bayan haka, a ajin nan dai, aka haska mana hotunan yadda ake sake sarrafa shara a Holan da Suwidin, aka ce wannan shi ne kasuwancin gobe, shi ne kasuwanci mai ɗorewa. Haba! In Bature ya yi, sunansa ɗorewa. In Kawu ya yi a Oshodi, sunansa bola.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a soke kwas ɗin. A takarda, tsarin ba shi da laifi. Tun zangon karatu na 2007/2008 aka wajabta darasin kafa sana'a a jami'o'in Najeriya, ko me kake karantawa. A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, inda aka sa ENT 211 a aji biyu, na sanin kafa sana'a da ƙirƙira, da ENT 312 a aji uku, na kafa kasuwancin kansa. Manhajar ta ma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. 'Yan kwalejin kimiyya da fasaha su ma suna da nasu, EED. To yau kusan shekara ashirin ke nan ana wannan darasi. Ku da kuka gama kafin mu, ku faɗa mana tsakani da Allah: mutum nawa a ajinku suka kafa wani abu saboda abin da suka koya a kwas ɗin? Ban ce saboda wahala ta koya musu ba, saboda kwas ɗin nake nufi.

Kalmomi uku ake ta maimaita mana: kafa kasuwanci, ƙirƙira, ɗorewa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko sai mun je Turai kafin mu samu misali.

Na farko, kafa kasuwanci. Ni a Agege aka haife ni. Unguwar Zango ba daga sama ta faɗo ba, fatauci ne ya kafa ta. Goro da shanu da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, su suka zaunar da kakanninmu a nan. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa, kuma tattaɓa-kunnensa ne yau yake da matatar mai a Lekki. Mutanen nan sun gina tsarin bashi da amana tun babu banki a kusa da su. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalinsa ya nemo mahauta, a ba da shanu bashi, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai tsaya. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya yi nazarin wannan tsari, littafinsa ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in waje. Mu da muke da abbatuwar Oko-Oba a bayan gida, ba a taɓa ce mana mu je mu ga yadda ake yi ba.

Ba mu kaɗai ba. Tsarin 'yan'uwanmu Ibo na ɗaukar yaro ya yi shekaru a shago sannan a sallame shi da jari, mujallar Harvard Business Review ta buga rubutu a kansa a 2021. Daga Oshodi zuwa kasuwar Ladipo tafiyar minti nawa ce? Computer Village fa, a Ikeja? Ɗalibin kasuwanci a Legas ya gama digiri bai taɓa zama da mai shago ɗaya a Ladipo ya tambaye shi yadda yake sa farashi in dala ta tashi ba, amma ya san tarihin Apple tun daga gareji.

Na biyu, ƙirƙira. An sa mana a kai cewa ƙirƙira ita ce manhajar waya, sai ka iya kwamfuta, sai ka yi turanci a gaban masu zuba jari. To ga matsala nan a Mile 12 tana jiran mai ƙwaƙwalwa. Tumatir yana tasowa daga Kadawa da Ɗanja, tafiyar kusan kilomita dubu, a cikin kwanduna da aka ɗora wani kan wani. Na ƙasa ya matse, zafi ya dafa shi, kafin a sauke wani ya zama ruwa. Kowa ya san akwatin roba ya fi kwando, domin nauyin yana sauka a kan akwatin, ba a kan tumatirin ba. Me ya hana kowa komawa akwati? Kwando mai arha ne, in an sauke an gama da shi. Akwati kuwa da tsada, dole a mayar da shi Arewa, kuma wani ne zai biya kuɗin motar da za ta ɗauke shi babu kaya a ciki, wani ne zai ɗauki asarar wanda ya ɓata a hanya. Duk ɗalibin da ya warware wa zai mallaki akwatin, wa zai yi hayarsa, me zai cika shi a hanyar komawa, wallahi ya yi ƙirƙirar da ta fi sabulun ruwa dubu. Wannan tambayar 'yan kasuwanci ce tsantsa, ba ta injiniyoyi ba. An taɓa kawo ta a ajinku?

Kuma wani darasin da ba a koya mana: a garin nan doka tana iya kashe kasuwanci cikin dare ɗaya. A Fabrairun 2020 aka hana acaɓa a manyan sassan Legas. Kamfanoni irin su Gokada, da suka tara kuɗin masu zuba jari daga waje, dole suka bar ɗaukar fasinja suka koma kai saƙo. A 1 ga Satumban 2022 hanin ya iso Oshodi-Isolo da Mushin da Shomolu da Kosofe. Kun san yawan 'yan'uwanmu da abin ya shafa. A Janairun 2016 aka rushe kasuwar Owonifari a nan Oshodi, a wurin yau tashar motocin zamani ce. Cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 ya canza lissafin duk mai ɗauko kaya daga Arewa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya durƙusar da wasu, ya ɗaga masu POS. Ko kana goyon bayan waɗannan matakai ko ba ka goyon baya, ɗan kasuwa dole ya iya hango su ya yi shiri. Ina wannan a cikin halaye goman da muka haddace?

Na uku, ɗorewa. Mun haddace muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ana son cim musu zuwa 2030. Na iya jero su kamar karatun allo. Amma a Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci, wadda muke ce wa tekawe, saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Daga 1 ga Yulin 2025 aka fara tilasta hanin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Duk mai sayar da abinci daga Oshodi zuwa Agege sai da ya sake lissafi: me zan zuba a ciki, nawa ne, wa zai biya ƙarin? Ga kasuwa sabuwa fil ta buɗe a gaban idonmu. Ajinmu bai ce uffan ba.

Ku dubi Wecyclers. Bilikiss Adebiyi-Abiola tana ɗalibar kasuwanci a MIT ta Amurka ta fara tunanin, ta dawo Legas ta kafa a 2012. Kekuna suna bi gida-gida suna karɓar roba da gwangwani, ana auna wa mutane a ba su maki, su canza makin da kaya ko kuɗi. A 2019 suka ci kyautar Sarki Baudouin ta ƙasar Beljiyam. Ku lura da kyau: makarantarta ta ɗauki sharar Legas a matsayin darasin kasuwanci, daga can wata nahiya. Tamu da ke cikin Legas ta ce bola ce. Kuma abin da kamfanin yake yi, auna kaya a biya mai kawowa, shi 'yan jari-bola suke yi shekara da shekaru. Bambancin shi ne rajista, da littafin lissafi, da iya magana da hukuma da masu ba da jari. Wato daidai abin da mu aka turo mu makaranta mu koyo.

Na san abin da za a ce min, kuma wasu maganganun gaskiya ne. Za a ce malami ɗaya da ɗalibai ɗari biyar, ya zai kai su kasuwa? Za a ce albashin malami bai kai shi ƙarshen wata, ga yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, har yau kalandar wasu makarantu ba ta daidaita ba. Na yarda. Akwai malaman da nake girmamawa har zuciya, akwai wadda da kuɗin aljihunta ta gayyato mana mai gidan burodi ya yi mana bayanin yadda farashin fulawa da dizal ke cin ribarsa, kuma lakcar nan ita kaɗai nake tunawa a shekarar. Amma ita ma hujja ce a kaina da ku: ashe ana iyawa. Ba a buƙatar sabon gini ko kuɗin TETFund kafin a ce wa ɗalibi je ka zauna da mai shago sati huɗu ka kawo rahoto. Abin da ake buƙata shi ne a daina raina mai shagon.

Mu ɗalibai ma ba mu fita ba. Mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun fi son sabulun. Ka biya dubu biyu, ka shiga hoto, ka ci maki, ba rana ba gumi. Ranar da aka ce mu fita kasuwa, mu ne za mu fara kai ƙara wurin wakilin aji. Tsarin kasuwancin da muke miƙawa a rubuce, rabi daga intanet muke kwafowa, yanzu ma na'ura muke sa wa ta rubuta, har da lissafin ribar da ko mai rubutun bai fahimta ba. Mu 'yan Arewa kuma muna da ƙarin ciwo: kunyar sana'ar gida. Nawa ne a cikinmu suke ɓoye cewa mahaifinsu mai shayi ne, ko mai suya, ko mai canji, ko mai jari-bola? Ni ma sai da na kai aji uku kafin na iya faɗa a bainar jama'a. Kuɗin bola ya biya mana rajista, mu kuma muna toshe hanci.

Kada kuma a ce ina wanke kasuwancin iyayenmu tas. Yana da ramuka manya, kuma ramukan ne suka sa nake cewa ana buƙatarmu. Lissafi a ka yake, ranar da maigida ya kwanta dama kasuwanci ya bi shi, magada su raba jari kowa ya kama gabansa. Kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya. Ba rajista, don haka ba banki, ba kwangila da babban kamfani sai ta hannun wani. A harkar jari-bola akwai masu ƙona waya don cire tagulla suna shaƙar hayaƙin, akwai masu fasa batir da hannu ba safar hannu ba takunkumi, alhali mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Akwai yara ƙanana da ya kamata a ce suna aji. Akwai ɓata-garin da ke sayen kayan sata suna ja wa kowa baƙin jini. In ana maganar ɗorewa da gaske, nan ne aikin yake. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

To me nake nema? Ba abu mai wuya ba ne.

A ENT 312, kowane rukuni kada ya wuce mutum biyar, kuma a haɗa shi da kasuwanci na gaske, ko shago, ko gidan burodi, ko sikeli, ko mai abinci. Su buɗe littafin shiga da fita na wata ɗaya, su gano matsala ɗaya, su gwada magani ɗaya. Makin ya fito daga nan, mai kasuwancin ma a tambaye shi ko sun amfane shi.

In za a sa mu yi kaya, to a sa mu sayar. Wanda ya yi asara ya kuma iya bayanin dalilin asarar da alƙaluma, ya fi cancantar A a kan wanda ya yi hoto da roba.

A koya mana abin da za mu tarar a waje: yadda ake rajistar suna a CAC, da cewa tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani, yadda ake neman lambar NAFDAC, me SMEDAN da Bankin Masana'antu da asusun LSETF na Legas suke bayarwa da sharuɗɗansu. A koya mana jarin da ba ruwa a ciki, mudaraba da musharaka da murabaha, tunda Jaiz ya fara aiki tun 2012, ga TAJ ga Lotus. Da yawa daga cikin iyayenmu ba ƙin banki suke ba, riba suke gudu. Adashi ma a ɗauke shi da daraja, jari ne.

A riƙa gayyato 'yan kasuwa su yi lakca, ko da Yarbanci, ko da Hausa, ko da Ibo, ko da burokin, a samu mai fassara. Ilimi bai san yare ba.

Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa a makarantun Legas, ku ma da ku nake. Duk shekara muna tara kuɗi mu yi ranar al'ada, a sa babbar riga a yi rawa a ci tuwo. Ba laifi. Amma ko sau ɗaya a samista a ɗauki mambobi a kai su Mile 12 ko Oko-Oba da biro da littafi. Ba sai mun jira majalisar jami'a ta zauna ba. Da ɗan gari akan ci gari, mu ne kuma 'yan garin.

Ni dai na fara da kaina. Jiya na sayi littafi mai layi na naira ɗari biyar na koma wurin Kawu. Mun zauna mun rubuta abin da ya saya a sati, da abin da yake biyan yara, da kuɗin mota, da kuɗin fili. Har yanzu ban ba shi amsar tambayarsa ba, sai mun ga lissafin sati biyu tukuna. Ya ce in na ba shi amsa mai kyau zai ƙara min kuɗin mota, in na ba shi ta banza zai cire kuɗin lemon da na sha. Karo na farko ke nan da na ji ina rubuta jarrabawar kasuwanci ta gaske.

'Yan ENT da 'yan EED, na Legas da na Kano da na Zariya da na Sakkwato, ku faɗa min me aka sa ku yi a naku kwas ɗin. In akwai makarantar da ake yin abin kirki, ku faɗa mu yaba mu kuma koya. In malaminmu ya ga wannan, Malam ba raini ba ne, kuɗin Kawu nake tayawa kishi. Wanda zai yi zagi kuma ya yi haƙuri ya fara amsa tambayar rabin motar nan tukuna.

Allah Ya sa wa karatunmu albarka, Ya sa mu amfani iyayen da suka sha rana saboda mu. Amin.